Kifin da ake kamawa a sake: yadda abincin ƙugiya ya zama fannin ilimi a Ingila

A watan Satumba na 1952 wani injiniya mai suna Richard Walker ya kama kifin karf mai nauyin laba 44, kusan kilo 20 ke nan, a wani ɗan tafki da ake kira Redmire a yammacin Ingila. Burodi kawai ya soka a ƙugiyarsa. Ba a ci kifin ba, gidan namun daji na Landan aka kai shi, ya yi shekaru jama'a na zuwa kallo. A 1980 Chris Yates ya kamo wanda ya fi shi, laba 51 da rabi, a wannan tafkin dai, shi kuma da masarar gwangwani. Yau idan ka shiga kantin kayan kamun kifi a Ingila, bango guda za ka tarar an jera masa kwalabe da ledoji: ƙamshin abarba, ƙamshin ayaba, warin kaguwa, garin hanta, man kifi, ruwan jiƙon masara. Mutum ɗaya kan zuba wa tafki abinci kilo biyar ko goma a hutun ƙarshen mako, wataƙila ya koma gida bai kama ko ɗaya ba, kuma bai ga ya yi asara ba.

Wanda ya saba ganin masunta a Yauri ko Baga zai ce wannan ai almubazzaranci ne. Sai dai akwai abu ɗaya da ya raba sana'ar su da wannan wasa, kuma a kansa komai ya ginu. Masunci idan ya kama kifi, kifin ya tafi ke nan, kasuwa ko tukunya. Shi kuwa mai kamun karf na nishaɗi a Ingila, Faransa ko Holan, yana kamawa sai ya kwantar da kifin a kan katifa mai laushi, ya cire ƙugiya, ya shafa masa magani a bakin, ya auna, a ɗauki hoto, ya mai da shi ruwa. Karf yana iya shekara 40 ko fiye a duniya. Saboda haka manyan kifayen da ke sanannun tafkuna an sha kama su, har sunaye gare su. Tun a 1970 wani masani ɗan Holan, Beukema, ya nuna ta hanyar gwaji a kududdufai cewa karf da ƙugiya ta taɓa sau ɗaya yana wuyar sake kamuwa, har bayan shekara guda. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Don haka matsalar mai kamun karf ba ita ce neman abin da kifi ke so ya ci ba, karf kusan komai ci yake. Matsalarsa ita ce yadda zai sa kifin da ya riga ya san tarko ya saki jiki.

Kifin kansa ba baƙo ba ne ƙwarai a Najeriya, domin an shigo da shi gonar kifi ta Panyam a Filato tun shekarun 1950, amma bai taɓa samun karɓuwar tarwaɗa ba. Ba shi da dangantaka da karfasa. Asalinsa daga kogunan gabashin Turai da Asiya ne. Yana da gashin baki huɗu, yana kiwo a ƙasan ruwa, yana tonon laka yana neman tsutsa da ƙananan dodon koɗi. Ba shi da haƙora a baki, a maƙogwaro suke, kuma suna da ƙarfin fasa ɓawo mai tauri. Ba shi da tumbi irin na sauran dabbobi, hanji ne dogo kawai, shi ya sa yake ci kaɗan-kaɗan ba ƙaƙƙautawa. Yadda yake ci shi ne ya zuƙo abu da laka da komai, ya tace a baki, ya furzar da abin da bai yi masa ba, duk cikin ƙiftawar ido. Na'urorin ɗanɗano kuwa ba a bakinsa kaɗai suke ba, har a leɓe da gashin baki da sassan jikinsa.

Canji na farko ya zo a ƙarshen shekarun 1960 daga wani mai kamun kifi a yankin Kent, Fred Wilton. Ra'ayinsa shi ne kifi yana iya gane abincin da ke amfanar jikinsa, kuma idan ka daɗe kana zuba masa abinci mai gina jiki sosai, zai ɗauke shi a matsayin abincinsa na yau da kullum, ya riƙa nemansa. Sai ya riƙa haɗa gari da sinadaran gina jiki da ake cirowa daga madara, da yis, da bitamin. Amma ƙulli mai laushi ƙananan kifaye ne ke cinye shi kafin babban ya iso. Maganin da aka samo shi ne a kwaɓa garin da ƙwai maimakon ruwa, a mulmula, a jefa cikin tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, ƙwan ya daskare ya yi fata. Wannan shi ne boili, wanda har yau shi ne sarkin abincin karf.

Duk wanda ya taɓa ganin ana cura fura ya ga rabin aikin: gari, kwaɓi, mulmule, tukunya. Ana fasa ƙwai tara zuwa goma ga kilo ɗaya na gari. A cikin ƙwan ake zuba duk wani abu mai ruwa-ruwa, wato ƙamshi da mai da abin zaƙi, a kaɗa sosai, sannan a riƙa zuba garin kaɗan-kaɗan har ƙullin ya daina kama hannu. A tura shi ta wata bindigar matsi ya fito dogo-dogo, a shimfiɗa a kan allo mai kwari-kwari, a murza da wani allon a sama, sai ga ƙwallaye sun fito girma ɗaya, yawanci milimita 14 zuwa 20. A tafasa minti ɗaya zuwa biyu, a shanya a kan tawul kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya wuce gona da iri wajen tafasawa ya kashe rabin abin da ya sa a ciki, wanda ya gaza kuma ƙwallon zai wargaje tun a iska.

Garin kala-kala ne. Akwai na garin kifi, wanda ya fi ci a lokacin zafi. Akwai na madara da na goro-goro masu sauƙin narkewa, da ake so a sanyi. Akwai kuma na abincin tsuntsaye, kuma a nan ne wani abin dariya yake: ɗaya daga cikin sinadaran da suka fi shahara, Robin Red, kamfanin Haith's ya yi shi ne don masu kiwon kanari, saboda gashin tsuntsun ya yi ja. Jan gari ne mai barkono da mai. Masu kamun kifi suka gwada, ya karɓu, yau ya fi suna a bakin tafki fiye da cikin keji. A farkon shekarun 1980 kamfanoni irin su Richworth suka fara sayar da boili haɗaɗɗe a daskare, daga nan abin ya fita daga hannun 'yan tsiraru masu ɓoye sirri ya zama kasuwa.

Boili ya zo da tasa matsalar. Yana da tauri, idan ka binne ƙugiya a ciki ba za ta fito ta kama baki ba. Kuma kifayen sun fara bambance wanda ke da zare da wanda aka watsa kyauta. A ƙarshen shekarun 1970 Lenny Middleton da Kevin Maddocks suka zuba karf a tankin gilashi suna kallon yadda yake ci, suka ga yana kwashe na kyauta yana barin mai ƙugiya. Sai suka cire abincin daga jikin ƙugiyar gaba ɗaya, suka ɗaure shi da siririn zare a bayanta, ƙugiyar tana tsirara. Da farko gashin kan mutum na gaske suka yi amfani da shi, shi ya sa har yau ake ce masa ɗaurin gashi. Kifi ya zuƙo ƙwallon, ƙugiya ta biyo baya, ya zo furzarwa sai tsininta ya kama leɓen ƙasa. Aka ƙara da dalma mai nauyi, giram 60 zuwa 110, yadda in kifin ya firgita ya zabura nauyin dalmar ne zai ƙarasa soka ƙugiyar. A ganina wannan dabara ta fi duk wani ƙamshi da aka taɓa sawa a kwalba kama kifi.

To, ƙamshin fa? A nan ne kuɗi ya fi zuba, a nan ne kuma gaskiya da talla suka fi cakuɗewa. Abin da hancin mutum ke ji shi ne abin da ke tashi a iska. Abin da kifi ke ji shi ne abin da ya narke a ruwa. Waɗannan abubuwa biyu ba lallai su zama ɗaya ba. Kwalba tana iya cika ɗaki da ƙamshi, amma in sinadarin cikinta ba ya narkewa a ruwa, kifin da ke nesa da taku biyu bai san da zamansa ba. Abin da binciken masana kiwon kifi ya tabbatar shi ne karf yana da matuƙar saurin jin sinadaran amino, wato tubalan gina jiki da ke tsatsowa daga jikin tsutsa da dodon koɗi da duk wani nama da ya fara ruɓewa. Shi ya sa ruwan hanta, narkakken kifi, garin ƙananan jatan lande na tekun kudu, da garin wata kawa mai koren baki ta ƙasar New Zealand suke aiki, ko da yake a hancin mutum ba su da daɗin ji. Haka sinadarin betain da ake samu daga gwozar sukari, wanda masu haɗa abincin kifi na gona ma suna sawa don ƙara wa kifi cin abinci.

Abarba kuwa ba ta tsirowa a ƙarƙashin tafki, kifi bai san ta ba. Amma boili mai ƙamshin abarba ya kama manyan kifaye ba adadi, wannan ba a musu. Bayanin da ya fi kama hankali shi ne ba abarbar yake bi ba, sinadaran da aka haɗa ƙamshin da su ne, musamman masu tsami da ke saurin bazuwa a ruwa. Da yawa ma ana ɗiga musu wani ruwan tsami mai warin lalataccen man shanu, wanda ɗigo biyu ko uku ya isa, in ya zube maka a mota kuwa sai dai haƙuri. Akwai kuma amfani na biyu: ƙamshi tambari ne. Idan kifi ya ci abinci mai kyau da wani ƙamshi sau da yawa bai ji ƙugiya ba, gobe yana jin ƙamshin zai nufo. Rod Hutchinson, wanda ya shahara da haɗa irin waɗannan kwalabe kamar Scopex da Monster Crab, yana cikin waɗanda suka yaɗa su a shekarun 1980, kuma har gobe ana sayar da su.

Abin da aka narkar da ƙamshin a ciki yana da muhimmanci kamar ƙamshin kansa. Mai yana daskarewa a ruwan sanyi, ya toshe ƙofofin boili, ya hana komai fita. Shi ya sa a hunturu, lokacin da ruwa ya sauka ƙasa da digiri 8 ko makamancin haka kuma kifin ya rage ci, ake komawa ga ƙamshin da aka narkar a sinadarin alkohol, mai sirara da saurin yaɗuwa, a bar mai da garin kifi mai maiƙo sai bazara. Awo ma ƙa'ida ne: mililita uku zuwa biyar ga rabin kilo na gari shi ne abin da aka fi yi, wasu masu ƙarfi ma ƙasa da haka. Sabon shiga yakan ga kamar in kaɗan ya yi kyau da yawa zai fi, ya tuttula, abincin ya yi ɗaci, kifi ya zo ya shinshina ya juya. Don kashe wannan ɗaci ake sa abin zaƙi, kuma ɗaya daga cikin mafi tsada, Talin, daga 'ya'yan wani tsiro na dazuzzukan Afirka ta Yamma ake cirowa, tsiron da a kudancin Najeriya ake naɗe alale da ganyensa. Zaƙinsa ya ninka na sukari sau dubbai.

Abin da ya fi nuna inda gizo ke saƙar shi ne wata dabara da ƙwararru ke yi a tafkunan da aka matsa wa kifi. Mutum zai sayi boili mai tsada, ya zuba a bokiti, ya ɗebo ruwan tafki ya jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu, har launin ya koɗe ƙamshin ya fita, sannan ya jefa. Dalili kuwa kifayen sun koyi cewa sabon abinci mai ƙarfin ƙamshi akwai mutum a bayansa, wanda ya kwana biyu a ruwa kuwa mai shi ya naɗe kaya ya tafi gida. Wato an biya kuɗin ƙamshi, sannan an zauna an wanke shi. Haka kuma abincin da ya yi tashe a tafki bana, baɗi sai ka ji ana cewa asirinsa ya tonu, a nemi wani. A ɗaya gefen akwai masu yin akasin haka: ƙwallo ɗaya tak mai launin ruwan hoda ko rawaya, wanda aka yi shi ya taso sama da laka kaɗan, an cika shi da ƙamshi, ba a watsa komai a gefensa ba. Wannan ba don kifi ya ci ya ƙoshi ba ne, don ya tsokano son saninsa ne, tun da ba shi da hannun taɓawa sai baki. Duka hanyoyin biyu suna aiki, kowace a ranarta.

Sai batun yadda za a kai abincin inda ake so. Jefa ƙugiya mita 80 ko 100 abu ne mai yiwuwa, amma a sa ɗan abinci daidai kusa da ita a can, shi ne aiki. Akwai danƙon harbi, akwai sandar wurgi mai rami da ke cilla boili ɗaya-ɗaya, akwai wata roka ta roba da ake cikawa a jefa da sanda ta musamman ta zazzage a saman ruwa, akwai ma ƙaramin jirgi mai rimot, wanda tafkuna da yawa suka hana. Amma abin da ya fi canza wasan shi ne leda mai narkewa a ruwa, wadda ake kira PVA.

Ga yadda ake ɗaura ta. Da farko a goge dalma da zare da ƙugiya su bushe ƙayau, domin ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya huda ledar. A zuba ƙananan ƙwayoyin abincin kifi, na milimita biyu ko uku, a gindin ledar. A saka abincin ƙugiya a lungu ɗaya, a ƙara ƙwayoyi, a kwantar da dalma, a cika. Sai a riƙa bubbuga ledar a tafin hannu har komai ya zauna daram, a murɗe bakin, a ɗaure da zaren da shi ma narkewa yake. Kusurwoyin ƙasa a ɗan lasa su da miyau a manne su a jiki, ƙunshin ya zama dunƙule kamar girman ƙwan kaza, don ya tafi a iska ba tare da wulwulawa ba. A ƙarshe a tsattsaga shi da allura iska ta fita, in ba haka ba zai yi ta yawo a saman ruwa ya narke a inda ba a so. Yana isa ƙasa ledar ta narke, cikin ƙasa da minti ɗaya a ruwan ɗumi, mintuna da dama a na sanyi, a bar ɗan tsibin abinci da ƙugiya a tsakiyarsa. Zare bai harɗe ba, tsinin ƙugiya bai kwaso ciyawa ba. Kifi ya zo ya zuƙe loma ɗaya, har da abin da ke ciki.

Akwai mai raga-raga, wadda ke zuwa a naɗe a jikin bututu: a zuba garin boili da aka niƙa, a danna da sanda, a ƙulle, a yanke, a rataya a ƙugiya. Ta fi saurin haɗawa amma ba ta zuwa nesa kamar ta farko. Babban abokin gabar duka biyun shi ne danshi. Ruwan sama in ya sauko, sai ka ga mutum ya duƙa cikin tanti yana ɗauri kamar mai ɓoye wani abu. Duk ruwan ƙamshin da aka haɗa da ruwa yana cinye ledar, na mai ne kawai take ɗauka. Masu son saka jiƙaƙƙen hatsi sukan gauraya shi da gishiri mai yawa, domin ruwan da ya ƙoshi da gishiri ba ya saurin narkar da ita. Wasu kuma ba ruwansu da leda, sai su kwaɓa gari su dunƙula shi a jikin dalma mai haƙarƙari, ko su lulluɓe boilin da ɗanyen ƙullinsa, ya riƙa zubewa a hankali.

Ajiya ma ta raba kan jama'a. Boilin da ba a sa masa maganin hana ruɓewa ba sai firiza, in ya fito kwana biyu ko uku ya fara fumfuna. Mai magani yana wata da watanni a leda, amma wasu masu tafkuna ba sa son sa. Masu tafiya Faransa na mako guda sukan shanya nasu a jakar raga har ya yi tauri kamar tsakuwa, in sun isa su jiƙa shi ya dawo.

Ban da boili akwai dangin hatsi: masara, 'ya'yan wiwi da ake tafasawa har su tsage farin tsiro ya leƙo, wake iri-iri, gyaɗa, da kuma aya. E, ayar nan dai da ake kunu da ita. Wadda ke shiga Turai wata daga yankin Valencia na Sifen take, wata daga Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar, inda jihar Maraɗi ta yi fice wajen noma ta. Karf yana son ta ƙwarai, yana ƙwamushe ta da haƙoran maƙogwaro, ga shi ƙananan kifaye ba sa iya mata, don haka takan kwana a ƙugiya lafiya lau. Ana jiƙa ta awa 24 zuwa 48, a tafasa kamar rabin awa, sannan a bar ta cikin ruwanta kwana biyu ko uku har ruwan ya yi yauƙi da zaƙi. Sai dai kifin ba ya narkar da ita sosai, gutsattsarinta ke fita, wani kifin ya bi ya sake ci, shi ya sa cikin tafin hannu ɗaya ko biyu ya isa zama guda.

Busasshiyar aya ko busasshen hatsi da ba a jiƙa ba ana tsoron su kumbura a cikin kifi. A 2009 wata shahararriyar kifanya mai suna Benson, wadda ta haura laba 60 kuma an kama ta fiye da sau 60, ta mutu a tafkunan Bluebell da ke tsakiyar Ingila, aka yi zargin ɗanyar aya ce da aka gani a bakin ruwan, ko da yake daga baya an kawo wasu dalilan da suka shafi ƙwai a cikinta. Gyaɗa ita ma an daɗe ana hana ta a wurare da yawa, saboda guba ta fumfuna da kuma yadda kifi ke kamuwa da son ta ya bar sauran abinci. Shi ya sa a allon dokokin tafkuna da dama a Ingila za ka ga an hana aya da gyaɗa ɗungurungum, wasu kuma su ce hatsi kowane iri sai wanda aka saya a shagonsu, wanda su da kansu suka jiƙa suka dafa.